Ango Ɗan Kama, Mai Shiga Gaban Waɗanda Aka Ci

Duk wanda ya saba bi ta bayan firamaren Illo da sassafe ya san shi. Tsoho ne dogo, siriri, da tabo a girar hagu, yana tafiya a duƙe cikin filin ƙwallo da tsohuwar ƙwarya a hannu. Tsidau yake tsinta. Yakan fara daga ragar gabas, ya bi layi-layi har ragar yamma, ya kwashe kashin shanun da suka ratsa filin zuwa fadama, ya cike ramin da kofato ya bari. Sai rana ta fara zafi yake komawa gida, ya sha kunun da matarsa Dela ta ajiye masa, ya zauna a ƙofar gida yana tufkar igiyar da zai ɗinke raga da ita. Ranar Asabar kuma akwai ƙarin aiki, don sai ya cika randa biyu da ruwa a bakin fili kafin 'yan wasa su iso.

Na taɓa ce masa, "Ango, tsintar nan ta isa haka. 'Yan wasan yanzu kowa da takalminsa." Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Yero, masu takalmi sha ɗaya ne. Waɗanda ka zuwa in sun tashi hwa? Ƙahwa tasu ba nama ba ce?"

Wannan shi ne Ango ɗan kama, mutumin da ya shekara arba'in cif yana bin ƙungiyar ƙwallon garinmu, 'Yanci ta Illo, ba a taɓa rubuta sunansa a takardar ƙungiya ba. A Asabar ɗin da ta wuce ya rataye rigar wasansa. Ni kuma Yero nake, golan farko na ƙungiyar, kuma in ba don mutumin nan ba, da yau ba a san inda kabarina zai kasance ba. Ba na iya rubutu mai ado, kuma an san ni da saurin fushi. Amma na shiga ofishin ƙungiya na ga hotunan shugabanni jere a bango, har da nawa, ni da na jawo mata abin kunyarta na farko, babu na Ango. Abin ya tsaya mini a wuya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A shekarar samun 'yancin kai aka kafa ƙungiyar. Wani malamin makaranta, Malam Abu, ya zo daga Birnin Kebbi da tamaula ta fata mai igiya a baki, ya tara mu samari, ya ce ƙasa za ta tsaya da ƙafarta, mu ma mu tsaya da tamu. Ba takalmi, ba raga, turaku biyu ne da gora a sama. Ango yana cikin waɗanda suka fara zuwa. Lokacin ya riga ya yi suna a kamanci, shi da abokinsa Lauwali mai 'yar ganga. Suna bin kasuwanni da gidajen biki, Ango da riga mai faci-faci da takobin icce, yana wa'azin tuwo da miya kamar babban malami, Lauwali yana amsa masa. A rana ta farko Ango ya kai wa tamaula bugu, ya sami tushen kalgo, farcen babban yatsa ya fita. Ya zauna yana riƙe da ƙafa, ya ce, "Malam, ƙahwata ta ƙi. A rubuta bakina, shi zai buga." Muka yi ta dariya. Ashe da gaske yake.

Mutanen Dahomi, wadda yanzu ake ce wa Benin, sun riga mu samun 'yanci da wata biyu. Saboda haka a makon bikin namu aka gayyato samarin tsallaken iyaka, na wajen Madikali, su zo mu buga. Ku gane, iyakar nan a takarda take. Mu da su kasuwa ɗaya muke ci, muna aurar juna, rabin masu wasansu 'ya'yan goggonninmu ne. Amma ranar nan kowa ya tuna yana da tuta. Gari ya fito kaf, mata a kan katangar makaranta, hakimi a kan kujera, sabuwar tuta kore da fari a saman gora.

Ni kuma ina da abin da ke raina. An yi mini baiko da Asama'u, ɗiyar Malam Atiku, wani falken gishiri na Madikali. Ina son ta, tana so na, an sa rana bayan kaka.

An kusa tashi, ba wanda ya ci wani. Ƙwallo tana can gidansu, ni ina tsaye ni kaɗai tsakanin turaku. Sai na ji gyaran murya a gefena. Ina waigawa, sai ga Malam Atiku, ya makara, ya ratso ta bayan gola yana neman wurin zama. Ido ya haɗu. Jama'a, ku gaya mini abin da ɗan mutunci yake yi in ya ga surukinsa. Ban yi shawara da kaina ba, gwiwoyina suka yi abin da aka koya musu tun ina yaye. Na tsuguna, na sunkuyar da kai, na ce, "Baba, barka da isowa. An zo lahiya? Ina gajiyar hanya?" Shi ma dattijo, ya tsaya yana amsawa. Muna kan "ina mutanen gida" na ji fili ya ɗauki ihu. Wani ɗan wasansu ya narko ƙwallo tun daga tsakiya, ta zo tana gangarawa a hankali, ta wuce ta gefen gwiwata ta shige. Ko akuya ce a wurin da ta tare ta.

Ɗaya da nema aka tashi. A ranar 'yancinmu, a filinmu, gaban hakiminmu.

Hanyar komawa gari daga filin guda ɗaya ce, ta bi ta rumfunan mahauta da bakin masallaci. A nan jama'a suka yi layi suna jiran mu. Mun tsaya a bakin fili mu goma sha ɗaya, ba mai iya ɗaga ƙafa. Sai Ango ya zare takobinsa na icce, ya ce wa Lauwali, "Buga." Ya shiga gabanmu. Ya fara kuka da majina, yana cewa shi ne ya jawo, wai ya yi alkawarin zai yi azumi in mun yi nasara, cikinsa ya ji, ya kai ƙara tsallake. Ya faɗi, ya birgima, ya tashi da ƙasa a gemu. Masu zagi suka fara dariya ba da son ransu ba. Ɓawon rake da aka tanada domin mu, a kansa ya ƙare. Mu kuwa muka bi bayansa a sunkuye har kowa ya sulale gidansu. Daga wannan rana al'adar ta samo asali, duk ranar da aka ci 'Yanci, Ango ne a gaba.

Sauran goma sun tsira a ranar. Ni ban tsira ba. Kafin gari ya waye magana ta canza kama, wai ba gaisuwa na yi ba, sayar da wasa na yi wa surukaina, an ba ni mata na ba da ƙwallo. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Ɗanmusa mahauci, mai tukubar tsire, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin baki. In na fito ɗibar ruwa, sai in ji an ce, "Ga angon Dahomi nan." Baffana ya kira ni ya ce in na auri yarinyar nan na tabbatar wa gari zarginsa, in bar maganar. Malam Atiku ma ya aiko cewa ba ya son ɗiyarsa ta shiga gidan da za a riƙa nuna ta da baki, in abin zai zama haka a warware. Kwana huɗu ban fita ba. Na ɗaure tsummokarana, na yanke shawarar bin ayarin goro zuwa Gwanja, in bar musu garin da ƙwallon da matar gaba ɗaya. Ina da shekara ashirin da ɗaya, kuma wallahi na yi kuka.

Ranar kasuwar Lolo, garin bakin iyaka, da hantsi Ango ya faɗo ɗakina ba sallama. Ya dubi ƙunshin, ya dube ni.

"Ina za ka da wanga kaya?"

"Gwanja."

"To, ka ci kasuwa tukuna. Ba a tahiya da yunwa."

Na ce ba inda za ni, rabin Illo da rabin Madikali suna Lolo yau. Ya ce ai shi ya sa. Ya ɗauki ƙunshin ya saɓa a kafaɗa ya fita, dole na bi kayana.

Bai tsaya ko'ina ba sai gaban tukubar Ɗanmusa, a tsakiyar kasuwa. Ya kafa takobinsa da sandar wani makiyayi, ya ce ga gola. Ya tsaya tsakani yana muzurai, yana tofa yawu a tafin hannu, sai kuma ya waiga ya zube ƙasa yana, "Baba, an zo lahiya? Ina gajiya? Ina jakai? Ina gishiri?" Kasuwa ta taru ana ta shewa. Ni ina tsaye kamar an dasa ni, ina cewa a raina ashe kawo ni ya yi ya ƙarasa ni. Ɗanmusa ya samu abin da yake so. Ya bar wuta ya fito gaban tukuba yana nuna ni da wuƙa, yana cewa, "Ku gane shi! Namiji shina tsaron gari shi tsuguna? Ni ko ubana ya zo, ba ni duƙawa in ina bakin aiki!"

Abin da ban lura ba shi ne Lauwali ba ya wurin. Ashe Ango ya aike shi layin masu igiya, inda surukin Ɗanmusa, wani tsoho mai sayar da dabaibayi, yake kasa kayansa. Lauwali ya ce masa ana neman shi wajen 'yan tsire, ya riƙo masa hannu. Ɗanmusa yana tsakiyar cika baki sai jama'a suka dare, ga tsohon nan tsaye a gabansa.

Ban taɓa ganin ƙato ya kai ƙasa da sauri haka ba. Wuƙa a hannu, maganar ba ta gama fita bakinsa ba, sai ga shi tsugune, kai a sunkuye. "Baba, barka da kasuwa. An tashi lahiya?" Ango ya taka a hankali ya zagaya ta gefensa, ya miƙa hannu kan tukuba, ya zari tsinken tsire mafi girma, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya zura a baki, ya kwarma ihu da bakin cike: "Ta shiga!"

Kai, ranar nan har masu awon hatsi sun bar mudu. Mata suna riƙe ciki, wani Bazabarme ya faɗo daga kan buhu. Ɗanmusa yana gani ana cin tsirensa, ba damar tashi, don tsoho bai gama tambayar lafiyar jikoki ba. Da dariya ta lafa, Ango ya goge baki, ya daina wasa. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce, "Jama'a, duk wanda zai ga surukinai shi tsaya tsaye, shi hito nan in gane shi." Ba wanda ya motsa. Ya ce, "To mi Yero ya yi? Abin da kunka koya mai shi ya yi. In laihi ne, na iyayenmu ne, ku tai ku zage su. Ƙwallo baƙuwa ce, bana ta zo. Gaisuwa mun iske ta."

Ɗanmusa ya tashi yana kaɗe gwiwa. Mutumin kirki ne a ƙasan haushinsa, Allah ya jiƙansa. Ya zari wani tsinke ya miƙo mini, ya ce, "Karɓi, gola. Ni ma an ci ni." Malam Atiku yana cikin taron, ban sani ba. Ya matso, na sake tsugunawa, kasuwa ta sake fashewa, amma wannan dariyar daban ce, na ji bambancinta a jikina. Ya ce, "Tashi, ɗana. Wanda ya bar gari ya zage shi don ya gaishe ni ba zai wulaƙanta ɗiyata ba. Rana tana nan inda anka sa ta." Bayan kaka aka kawo Asama'u. Yau 'ya'yanmu bakwai, jikoki na daina ƙirgawa, kuma na ƙara shekara tara ina tsaron gola.

Ango, kai ne ka kwance ƙunshin nan. Kai ka mayar da ni gidan ubana, ka mayar mini da matata tun ba ta shigo ba. Kuma akwai abin da ka yi wanda ya fi wannan, mutane ba su lura ba. Wasan gaisuwar gola shi ne mafi daɗin abin da ka taɓa yi, an roƙe ka shi a gidajen biki daga Lolo har Bagudo, ba ka sake yin shi ba ko sau ɗaya. Dela ta gaya mini abin da kake cewa in an matsa maka: "Wancan magani na, na Yero. Ya sha ya warke, ba a sake ba shi." Labarin dai ya zauna a gari, har yau in gola ya yi sakaci sai a ce ya yi gaisuwar Yero. Amma daga bakinka ban ƙara jin shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙungiyarmu wata gagaruma ce. Ina! 'Yanci an fi cin ta fiye da yadda take ci. Shekara arba'in, kofi biyu muka taɓa ɗagawa, ɗaya ma don abokan karawar motarsu ta lalace ne. Ka ga ke nan Ango bai huta ba. Kuma ga abin mamaki, ranar da muka yi nasara ba a ganin shi. Ana busa usur ɗin tashi zai naɗe rigarsa, su bi ta bayan makaranta shi da Lauwali su tafi gida. Na tambaye shi dalili, ya ce ranar nan ta 'yan wasa ce, in ya shiga gaba zai raba musu idon mutane. Ranar daɗi ya bar mana, ranar kunya ya ce tasa ce.

Ba kullum abin yake ƙarewa da ɓawon rake ba. Wata shekara ƙungiyar Bahindi ta zo ta zuba mana biyar. Wani cikin magoya bayanmu, don zafin rai, ya jefo hoge yana nufin kyaftin, ya sami Ango a gira. Tabon ke nan da na ambata. Jini ya rufe masa ido, 'yan wasa suka zabura za a yi faɗa, kuma da an fara da sai an kwashi mutane. Ango ya shafa fuska, ya duba hannu, ya ce, "Lauwali, manja! Maza samo doya!" Wanda ya yi jifar shi ya fara zubar da hawaye, shi ya raka shi wurin ɗinki. Mutum ɗari sun ga wannan, da yawansu suna raye.

Akwai kuma shekarar da wasu masu shirya wasanni suka zo daga Sakkwato suka ga su Ango a kasuwar Lolo, suka ce su biyo su birni, za a ji muryarsu a rediyo. Lauwali har ya wanke rigarsa. Dela ta ce ita ma ta so, don rufin ɗakinsu yana yoyo a lokacin. Ango ya saurare su har suka gama, ya yi tambaya ɗaya: "Ran Assabar wa ka shiga gaba?" Suka ce wace Asabar? Ya ce to ba su gane ba, su sauka lafiya. Lauwali ya yi wata guda ba ya yi masa magana sai a bakin wasa, amma bai tafi ba shi ma. Na sha jin ana cewa Ango ya cuci kansa. Mai yiwuwa. Rufin nan sai da 'ya'yansa suka girma aka gyara shi.

Lauwali ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce, ranar Laraba. A Asabar ɗin aka ci mu biyu da ɗaya. Ba wanda ya sa ran ganin Ango, ana zaman makoki. Muna fitowa sai ga shi a bakin fili, da riga mai faci, gangar Lauwali rataye a kafaɗarsa, bai buga ta ba. Ya shiga gaba. Ya jefa maganarsa ta farko, ya yi shiru daidai inda Lauwali yake amsawa. Shirun ya yi tsawo. Sai wata tsohuwa daga kan katanga ta amsa da abin da Lauwali yake cewa. Ya jefa ta biyu, mahauta suka amsa. Haka aka yi har bakin masallaci, gari yana yi masa Lauwali, ana dariya ana share hawaye. Daga ranar shi kaɗai ya ci gaba, da gangar da ba a bugawa.

Yanzu ga abin da ya faru Asabar ɗin da ta wuce. Tun bara Ango ya yi ciwon da ya taɓa masa harshe. Ya warke, yana tafiya, yana tsintar tsidau, amma magana takan ɓace masa a tsakiya. Dela ta roƙe shi ya bari, ya ƙi. Wata ƙungiya daga Bagudo ta zo ta ci mu uku ba ko ɗaya. Ya tashi kamar kullum, ya zare takobin icce, ya shiga gaban 'yan wasa. Muka kai rumfunan mahauta, inda jama'a suka fi cika. Ya ɗaga takobi, ya buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ya sake buɗewa, ido yana neman kalmar da ya shekara arba'in yana faɗa. Sai na ji dariya ta fara tashi daga wajen samarin da ba su san ko shi wane ne ba. Na san irin wannan dariyar, ita aka yi mini a shekarar 'yanci. Wani har ya ce, "Tsoho ya ƙare, a kai shi gida."

Da ina da ƙarfin da, da na mari yaron, kuma da na ɓata komai. Sai na tuna ba haka Ango yake yi ba. Na ratsa mutane, na shiga gabansa, na tofa yawu a tafin hannu, na yi muzurai irin na gola. Sannan na waiga na zube a tsakiyar hanya, da girmana da furfurata, na ɗaga murya: "Baba, an zo lahiya? Ina gajiya? Ina jakai? Ina gishiri?"

Tsofaffin mahauta suka fara ganewa. Wani ya yi ihu, "Gaisuwar gola! Yero ne da kainai!" Dariya ta bar Ango ta dawo kaina gaba ɗaya, na ci gaba da jero gaisuwa ina tambayar lafiyar kaji da agwagi. Abin da na shekara arba'in ba na so a ambata a gabana, ga ni ina yin shi a bainar jama'a, kuma wallahi ban ji kunya ba ko kaɗan. Kyaftin ɗin yanzu jikan Ɗanmusa ne, ya san labarin tun a gida. Ya ajiye ƙwallo a ƙasa, ya tura ta a hankali, ta gangaro ta wuce ta gefen gwiwata.

Sai na ji murya a saman kaina, a shaƙe, amma kowane harafi ya fita:

"Ta shiga!"

Hanya ta ɗauka. Na ɗaga kai na ga Ango yana dariya, takobi a sama, hawaye yana bin tabon girarsa. Na so in tashi, gwiwa ta ƙi. Sai kyaftin ya zo ya tsuguna kusa da ni, ba da wasa ba. Sauran 'yan wasan suka bi shi. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe suka tsuguna, har yaron da ya ce a kai shi gida. Hanya ta yi tsit, mutum ɗaya ne tsaye a cikinta. Ya daɗe yana kallon mu. Sannan ya tuɓe rigar mai faci, ya ɗora mini a kafaɗa, ya kama hannun Dela suka wuce gida ta tsakiyar mutane.

Ango na Dela, abokin Lauwali, mai shiga gaban waɗanda aka ci. Ba ka taɓa zura ƙwallo ko ɗaya ba, amma babu ɗan wasan 'Yanci da ya taɓa barin garin nan saboda kunya, kuma kai ne dalili. Mun gode. Ni na gode, Asama'u ta gode, 'ya'yan da ba za a haifa ba in da na bi ayarin Gwanja sun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Lauwali, ya ba Dela ladan haƙurinta, ya rufa maka asiri ranar da kowa yake neman mai shiga gabansa.

Ku kuma shugabannin ƙungiya, ku cire hotona ku sa nasa, tun yana iya zuwa ya gani da idonsa. Samari masu son ƙwallo, na ga kuna cika fili ranar nasara, kuna ɗaukar 'yan wasa a kafaɗa. Wannan kowa ya iya. Ina neman wanda zai zo ranar da aka ci mu, ya tsaya tsakanin ɗan'uwansa da bakin mutane. Ba sai kun iya ban dariya ba, ni ma ban iya ba.

Jiya da safe na bi ta bayan firamare, na same shi a duƙe da ƙwaryarsa, ya kai tsakiyar fili. Na ce masa rigar tana wurina, amma ta yi mini tsawo. Ya ce in naɗe ta. Asabar mai zuwa muna da wasa da Bahindi, kuma yadda na ga 'yan bayanmu, ban sa rai ba. In an ci mu, ku same ni a bakin fili. Ango ya ce zai zauna wajen mahauta ya ga ko na iya.